Na Uku Daga Hagu

Shekarun baya, lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ni ma na tashi da zafina. Na ɗage wando, na tsayar da gemun da bai fi sili goma ba, na zama alƙalin gidanmu da ke Daura ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

Mahaifina tsohon sojan ruwa ne. Abokansa kan tsokane shi cewa ya bar 'yan fasa-ƙwauri a Kongolam, kan iyakar Nijar, nan ƙofar gida, ya tafi har bakin teku nemansu. A wani ƙaramin jirgin sintiri ya yi yawancin aikinsa, kuma tarihin jirgin tun muna yara muka haddace shi. Sabo fil aka kawo shi daga waje. Ya yi shekaru yana kai da kawowa a gaɓar teku, yana korar ɓarayin kifi da masu shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya. Daga baya injinsa ya fara tari, aka ɗaure shi a tasha ana jiran kayan gyaran da ba su taɓa zuwa ba, har aka sayar da shi ga masu yankan ƙarfe. Abin da ya rage hoto ne guda a bangon ɗakin Baba: jirgin, da mutum tara a tsaye a kansa cikin fararen kaya.

Hoton nan shi ya tsone mini ido. Na ji a wurin karatu cewa hoton mai rai ba ya zama a bango sai an cire kan. Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Sandamu, na sauko da shi, na sa reza na yanke kawunan nan tara tsaf, har da nasa. Jirgin ban taɓa shi ba, tunda ba shi da rai. Na mayar da hoton cikin gilashinsa, na watsa kawunan a murhu, ina ganin na yi wa gidan gata.

Da Baba ya dawo ya daɗe tsaye gaban bangon. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Malam, sannu da aiki. Ina ka kai su?"

Na ce, "Na ƙona, Baba."

Ya ce, "To."

Mahaifiyata ce ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ashe duk Juma'a in ya dawo daga masallaci, yakan bi fuskokin da yatsa, ya ambaci kowa da sunansa, ya yi masa addu'a. Mantuwa ta soma kama shi, fuskar ce ke dawo masa da sunan.

Bai daina ba, ya ci gaba da bin ramukan da na bari. Wata Juma'a ya kira ni, na same shi da yatsa a kan na uku daga hagu. Ya ce, "Wannan shi ya ciro ni ranar da igiyar ruwa ta watsa ni cikin teku. Ni mutumin Daura, wane iyo na iya? Da takalmansa ya faɗo bayana. Sunansa ya ɓace mini. Kai da ka yanke, ba ka lura da fuskarsa ba? Yana da tsaga?"

Ban lura ba. Wuyansa kawai nake kallo, kada rezar ta karkace.

Har Baba ya rasu sunan bai dawo ba. Ni dai ba na gardama kan hukuncin hoto, malamai sun fi ni sani. Abin da ke cina shi ne na yi tambaya a wurin karatu, ban yi a gida ba. Hoton yana cikin akwatina yanzu, kuma na gaji addu'ar. Duk Juma'a nakan ce, Allah Ka saka wa na uku daga hagu da alheri, Kai ne Ka san sunansa.