Takalmi Mai Jan Zare

A ƙauyenmu na bakin kogin Gatineau kowa ya san Onésime Charlebois, tsohon da ba ya sa takalmin da ya yi masa daidai. Kullum ƙarami ne, ya tsaga bakinsa da wuƙa, safa na leƙowa ko ƙanƙara na zuba. Yara su yi ta binsa suna dariya. Ni kuwa duk wanda na kama sai na murɗe masa kunne, don Baffana ne, yayan mahaifina, kuma shi ya rene ni.

Aikinsa korar gumagumai ne. Lokacin sanyi maza su shiga daji su yi ta sara, in ƙanƙara ta narke a tura itacen cikin kogi, su bi shi har masana'antar katako. A kan gumaguman suke tafiya, suna tsalle daga wannan zuwa wancan da sanda mai ƙugiya, ruwa na tafasa a ƙarƙashinsu. Yawancinsu ko iyo ba su iya ba, kuma kamfanin bai taɓa tambaya ba. Ran mutum yana ga ƙusoshin da ke ƙasan takalminsa. In ruwa ya ci wani, a binne shi nan bakin gaɓa, a kafe takalmansa jikin bishiya, a koma aiki.

Shekarar da mahaifina Aldéric ya fara bin kogi, mahaifiyata Philomène tana da cikina. Ranar tafiya ta riƙe hannun rigar Baffa.

“Yaya, amana ce na ba ka. Ko kan tsani ƙaninka jiri yake gani.”

“Kwantar da hankalinki, amarya,” in ji shi. “Ko a wuya ne zan ɗauko miki ragonki.”

Matarsa Délima ta miƙa masa takalmansa, ta ɗinke dunduniyarsu da jan zare mai kauri.

“Wannan kwalliyar fa ta mece ce?” in ji Baffa.

“Don in ka tuɓe su a ƙofar wata in gane, ɗan duniya.”

Kowa ya yi dariya, kuma duk ƙauyen ya san takalman nan tun daga ranar.

Can sama, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu, gumagumai suka cushe suka tare ruwa. Shugaban aiki ya ce a je a zare wanda ya riƙe sauran, ya nuna mahaifina cikin masu zuwa. Baffa ya ce shi zai tafi a madadinsa.

“Kai kake raba aiki a nan ko ni?” in ji shugaban.

Sai Baffa ya duba takalman ƙaninsa, tsofaffi ne na aro, ƙusoshin duk sun cinye. Ya tuɓe nasa.

“Sa waɗannan.”

“Yaya, sun yi mini yawa. Ƙafarka ai ta doki ce.”

“Cusa tsumma, sakarai. Ƙusa ke riƙe mutum, ba kyau ba.”

Ƙusoshin sun riƙe gungumen kam. Ƙafar ce ta zame a cikin takalmin lokacin da itacen ya ɓalle. Baffa yana tsaye a gaɓa yana kallo. Washegari suka tsamo mahaifina ba rai, suka naɗe shi da bargo suka binne. Takalman da mutum ya mutu da su ake kafewa, su kuwa aka kafe. Babu hanyar komawa gida sai ta bin kogi, ruwa kuma ba ya jiran mai makoki. Baffa ya tsaga bakin takalman ƙaninsa ya cusa ƙafa, ya bi ayari.

Bayan sun wuce, wani mai kwalekwalen kai abinci, mutumin ƙauyenmu, ya biyo ta wurin ya hango jan zare a jikin bishiya. Bai tambayi kowa ba. Me zai tambaya, ga takalma? Ya iso gida ya ce Onésime ya tafi.

Aka kaɗa ƙararrawa, Fada ya yi addu'a a coci, Délima ta shiga baƙaƙen kaya. Mahaifiyata ce ta tare a ɗakinta da tsohon ciki, tana dafa wa masu gaisuwa wake da naman alade, tana share mata hawaye. Ta sha gaya mini cewa a ranta godiya take yi wa Allah da ba nata ba ne, kuma wannan godiyar ta ci ta har ƙarshen ranta.

Ranar da ayari ya dawo da rana tsaka, su biyun suna shanya a bayan gida. Délima ta ɗaga kai ta ga mijinta a bakin shinge, ta kurma ihu ta zube. Mahaifiyata ta yar da kwando ta ruga tana dariya tana kuka.

“Yaya! Ashe kana raye! Wayyo Allah na gode! To ina ragon nawa, ya tsaya shan giya ko?”

Ta leƙa bayansa, ba kowa. Ta sauke ido ƙasa, ta ga takalman mijinta da ta shafa wa kitse da hannunta, an tsaga bakinsu.

Ba ta taɓa zaginsa ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya ci gaba da bin kogi har gwiwoyinsa suka ƙi, ya ciyar da gida biyu, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Masu cewa ya taɓu, ƙaryarsu ta sha ƙarya. Da hankalinsa sarai, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na sayo masa sababbin takalma, daidai ƙafarsa, don a binne shi da mutunci. Na kawo na nuna masa. Ya shafa fatar, ya tura mini.

“'Yata, ba wa wani mai bin kogi, amma ki tabbata sun yi masa daidai. Ni a sa ni haka nan. Nawa suna can jikin bishiya tuntuni.”

Ba takalmi muka binne shi.