Kafur a Akwatin Mama

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da wata baƙuwa ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyata a Muciya, ta ja iska da hanci, fuskarta ta canza. Abin ya doshi shekara ashirin yanzu, amma har gobe in na shiga kanti na ji ƙamshin kafur, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru, ina ɗauke da cikin fari. Ni kuwa dama mai baki ce, ga ɗan ilimi yana ɗibata, gani nake babu abin da za a gaya mini a kan jariri wanda ban karanta ba. A wurin awo muka haɗu da wasu ma'aikatan lafiya da suka zo daga babban asibiti. Bincike suke yi a kan ciwon shawara na jarirai, wanda ke sa ido da fata su yi rawaya. Abin da ya dame su shi ne, me ya sa yake tsananta a wajen wasu yaran, kuma me ya sa ba a kawo su asibiti sai abu ya lalace.

A cikinsu akwai wata Sista, gajeruwa, mai ɗan jiki, ba ta da yawan magana. Aikinta ne ya ba mu dariya. Duk matar da ta shigo da jariri, sai ta karɓe shi ta yi masa wasa, daga nan sai ka ga ta kai hanci kan shawul tana sunsunawa. Ni ce na fara tsokanarta, na ce, "Sista, wai turare kike sayarwa ne?" Ta yi murmushi ta ce kafur take nema. Ta bayyana mana cewa akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini, galibi maza, kuma ta wajen uwa suke gadonsa. Lafiyarsu lau, ba ka ganin komai. Amma in suka shaƙi kafur ɗin nan da muke zubawa a cikin kaya, jinin nasu sai ya riƙa fashewa, shawara ta hau da sauri har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ta ce duk wadda ta yarda, za su biyo ta gida bayan haihuwa su duba yaro kafin suna. Na yarda, na kwatanta mata gidanmu na Samaru. Da na koma gida na kwashe kafur ɗin da ke cikin kayana na watsar, na ce shi ke nan, na gama da wannan.

Abin da ban kawo a raina ba, ita ma Sistar ba ta tambaya ba, shi ne haihuwar fari ba a gidan miji ake yin jegonta ba. Da ciki ya tsufa, Mama ta aiko aka ɗauke ni zuwa gidanta a Muciya, cikin Sabon Gari.

Mama tana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, mun tashi mun gan shi, ba mai taɓawa. A ciki take ajiye kayan jarirai: shawul, 'yan riguna, safa da huluna da ta saƙa da hannunta tun tana amarya. Duk mu a cikinsu aka naɗe mu. Ranar da ta jawo shi ta buɗe, ƙamshin kafur ya cika ɗakin. A wajenmu wannan ƙamshin tsabta ne, shi ke nuna mace ta iya adana kaya, ba kyankyaso ba asu. Na ce, "Mama, an fa hana kafur yanzu, an ce yana cutar da jarirai." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Malama. Ke da me aka rene ki?" Amma Mama ba mai gardama ba ce. Tana mita tana tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ta zazzage akwatin a gabana ta ce, "Ga shi nan, hankalinki ya kwanta?" Ya kuwa kwanta. Ba wadda ta yi tunanin wanke kayan a cikinmu, don wankakku ne, gogaggu, a ninke. Wa zai wanke abin da yake fes?

Na haihu lafiya a wani ƙaramin asibiti kusa da gida, namiji, washegari aka sallame mu. Mama ta naɗe jikanta a cikin shawul mafi kyau, ta sa masa wata farar hula mai bakin shuɗi da ban taɓa gani a kan kowa ba. Ta saki labule, ta rufe taga don kada iska ta shige shi. Daga ni sai shi a ɗaki mai duhu-duhu, ga wankan ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ga matan zumunta na cocinmu suna ta shigowa barka. Kowa ya leƙa sai ya ce, kai, yaron nan fari ne sol, wa ya biyo? Ni kuma ina ta jin daɗi.

Bayan 'yan kwanaki yaro ya fara yawan barci. In na ba shi nono sai ya ɗan tsotsa ya saki. Mama ta ce yaro ne mai haƙuri. Daga baya na gane ta riga ta lura da idonsa, don ta aika an sayo gulukos tana ɗiga masa, ta ce gobe da safe za ta ɗan nuna shi ga rana ta taga. Abin da kowa ke yi ke nan a unguwar, kuma da shi ake ganin an yi ƙoƙari.

A ranar ne da azahar, ana tsakiyar rana, muka ji sallama. Sista ce, gumi sharkaf, ƙafafunta duk ƙura. Ashe ta je Samaru ta tarar da gida a kulle. Da wata ce, da ta juya abinta, ai ba laifinta ba ne. Ita kuwa sai ta tambayi maƙwabta, suka nuna mata inda maigidana ke aiki, shi ya kwatanta mata Muciya, ta hau bas ta sauka ta hau acaɓa tana tambaya gida-gida. Ta gaida Mama har ƙasa, ta yi barka, ta ɗaga labule za ta shigo. A nan ta tsaya cak. Na ga hancinta ya motsa.

Na yi saurin cewa, "Mun zubar, Sista, wallahi tun kafin haihuwa muka zubar." Ta ce, "An wanke kayan bayan nan?" Na ce ba a wanke ba. Ta ce a hankali, "Ya riga ya shiga zaren."

Ta nemi a fito da yaro tsakar gida ta gan shi a haske. Mama ta ce a'a, jaririn da bai yi suna ba ba ya fita waje, ba a taɓa yi ba a gidan nan. Na zaci za a yi rigima, don na san halin Mama in ta kafe. Sista ba ta ja da ita ba. Ta ce, "Gaskiyarki, Mama. To ki zauna nan bakin ƙofa, ƙafarki a ciki, ki riƙe shi da kanki. Ni labule kawai zan ɗaga." Mama ta zauna a dokin ƙofa ta rungume shi, hasken rana ya sauka a kansa. Sista ta kwance shawul ɗin, ta cire hular, ta kama yatsan Mama ta ɗora a goshin yaron ta ce ta danna ta ɗaga. Wurin ya fito rawaya kamar an shafa kurkur. Ta sa ta danna ƙirji, haka. Ciki, haka. Har cinya. Farin da ake ta yaba masa ke nan.

Sista ta ce, "Mama, ba gobe ba, ba anjima ba. Yanzu za mu tafi." Ni kuka kawai na fashe da shi, duk bakin nan nawa ya mutu. Mama kuwa ba ta motsa ba. Tana kallon yaron, sai na ji ta ce, kamar ba da mu take ba, "Haka wancan ma ya yi."

Na san an taɓa haifar namiji bayana, wanda bai kai suna ba. A gidanmu ba a zancensa, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ba lokacin tambaya ba ne. Sista ta tuɓe wa yaron komai, ta ce a kawo zanen da aka wanke kwanan nan. Mama ta ciro ɗaya daga kan igiya, ta naɗe shi, ita da kanta ta tsallake dokin ƙofar da shi, ko mayafi ba ta tsaya nema ba.

A babban asibiti aka ɗebi jininsa, likita ya ce shawarar ta hau sosai, hasken fitila kaɗai ba zai isa ba, sai an canza masa jini. Ban taɓa jin ana canza wa mutum jini ba sai ranar. Maigidana ya iso a guje, aka shiga neman jinin da ya dace, aka dace. Bayan nan suka kwantar da shi tsirara a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila, an rufe masa ido da ƙyalle. Ɗan abu kamar ɗan tsako. Na tsaya ina kallonsa ta gilashi ina roƙon Allah, in ma wani abu zai ɗauka, ya bar mini shi da rai. Tsoron da na ji a kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji.

Da gwaji ya fito, aka tabbatar yana da raunin jinin nan da Sista ta faɗa. Muna zaune a benci ni da Mama, Sista ta zo ta zauna tana yi mana bayanin magungunan da zai riƙa kauce wa har girmansa. Mama ta bari ta gama, sannan ta ce, "'Yar nan, kin ce ta wajen uwa yake bi?" Ta ce e. Mama ta ce, "Wato daga ni ya bi ta wajen wannan." Ta nuna ni. Sai ta buɗe hannunta, ashe farar hular nan tana dunƙule a ciki tun daga gida. Ta ce, "Wancan na saƙa wa ita. Shi kaɗai ya sa. Da ya tafi aka ce mini iska ce, wasu suka ce baki ne. Na yi shekaru ina zargin wata maƙwabciyata a raina, har ta mutu ban sake mata fuska ba." Sai ta dubi Sista ta ce, "Ki gaya mini gaskiya. Ni ce?"

Na so in toshe bakin Sista, na so ta ce a'a kawai a wuce wurin. Ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce e ba. Ta kama hannun Mama da hular a ciki ta ce, "Mama, ban ga yaron ba, ba zan iya rantsewa ba. Zai iya yiwuwa kafur ne. Amma don me kika zuba shi? Don kada ƙwaro ya taɓa kayan ɗanki. Ba wanda ya zo ƙofarki ya gaya miki. Da an gaya miki, da kin yi abin da kika yi jiya, kin fita da shi ba ko mayafi." Mama ta rufe fuska da hular ta yi kuka, kukan da nake jin tun wancan lokacin take riƙe da shi. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, kuma tausayinta ya kusa mantar da ni nawa tashin hankalin.

Yaro ya tashi. Sunan da aka shirya yi da taro a gida, fasto ya zo asibiti ya yi addu'a ya raɗa masa a bakin gado. Bai fita haka kawai ba, shawarar ta ɗan taɓa masa ji. Yau saurayi ne, ya fi ni tsawo, yana karatunsa lafiya, sai dai in za ka yi masa magana ka fuskance shi ka ɗan ɗaga murya. Likita ya ce da mun jira safiyar da Mama ta shirya nuna shi ga rana, da labarin ba haka yake ba.

Sista ta gaya mini daga baya cewa zuwanta Muciya ya sa sun gyara aikinsu. Suka fara tambayar kowace mai ciki inda za ta yi jego, suka kuma riƙa cewa ta zo awo da wadda za ta yi mata wanka, uwa ce ko suruka. Suka daina cewa a zubar da kafur kawai, suka koma cewa a wanke kayan a shanya su sosai, in ƙamshin ya ƙi fita a haƙura da su. Mama kuwa, kafin a sallame mu ta wanke kayan akwatin nan har suka koɗe. Daga nan ta zama abin tsokana a zumunta, don duk gidan da ta je barka, kafin ta ce ina kwana ta kai hanci kan shawul, ta ce a ɗaga labule. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, ko a jikinta.

Abin da na koya shi ne, ƙauna kaɗai ba ta isa ta tsare yaro ba, kuma rabin bayani yana iya kwantar wa mutum da hankali a inda bai kamata ba. Ni aka koya wa a wurin awo, amma ba ni ke naɗe jaririn ba. In za a faɗa wa mutane abin da bincike ya gano, a bi shi har ɗakin da yaron yake kwance, a sa shi a hannun mai riƙe da shi, ba tare da an kunyata ta ba.

Da Mama ta rasu muka jawo akwatin. Babu komai a ciki sai farar hular nan, an wanke ta har bakin shuɗin ya dusashe. Na kai ta hancina ban sani ba. Sabulu kawai na ji.