Ranar da Muka Yi wa Gwaggo Dare da Azahar

Ku da kuka shigo aikin tafinta bayanmu, akwai ranar da ba ta fita raina. A shekarun sittin ne, ina direba a wani kamfanin jiragen ruwa a nan Jidda. A tsarinsu direba ba ya hawa kujerar tafinta sai ya raka baƙo ya dawo da takardar yabo daga hannunsa. Shekara uku ina jiran wannan baƙon.

Wata safiya mudir, wato shugaban ofis, ya kira ni ya nuna mini wata tsohuwar Baturiya 'yar ƙasar Ailan, yayar likitan wani jirgi. Ya ce wasan kwaikwayo take rubutawa, kuma tun tana budurwa take bin ƙauyukansu a kan keke tana rubuta tatsuniyoyin tsofaffi, don Turanci ya kusa cinye harshensu. Tana so ta ji ta mutanenmu, jirginsu kuwa da la'asar zai tashi. Ni da bakina, nan take na cika baki cewa duk unguwarmu ta Karantina babu mai tatsuniya kamar Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina.

Muka isa, aka gaisa, aka sha shayi. Da na faɗi abin da ya kawo mu Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Tatsuniya da rana, Habu? Mai yin haka ɓata yake yi. Daga Kano na tako da ƙafa har bakin teku ban ɓata ba, sai yanzu a Karantina? Halas, magana ta ƙare."

Na roƙa, na haɗa ta da Allah, ko gezau. Da na juya wa Baturiya maganar sai ta tuntsire da dariya har hularta ta faɗi. Ta ce tsofaffinsu ma haka suke, amma ita sana'arta ke nan, a gidan wasa da rana tsaka suke yin dare. Ta ce a kawo barguna.

Yalla, maza muka bi maƙwabta muna aro. Bargo, tabarma, buhun shinkafa, duk muka toshe taga da ƙofa, aka kunna fitilar ƙwai. Zafin Jidda kun san shi, gumi har cikin takalmina. Aka tattaro jikokin Gwaggo aka zaunar. Gwaggo kuwa ta leƙa nan ta leƙa can, ta ce wane irin dare ne babu kukan gyare. Haka na tsuguna bayan randa, ƙato da ni da kakin kamfani, ina tsit-tsit, yara suna birgima don dariya. Sannan ta yarda dare ya yi.

Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Jikokin duk Larabci ya fi zama a bakinsu, ba wanda ya san amsar. Ni kuma na duƙa kunnen baƙuwa ina ta fassara mata, ina jin kaina babban ma'aikaci. Gwaggo ta sake faɗa, muryarta ta yi ƙasa. Sai na ji gwiwar hannun Baturiya a haƙarƙarina.

"Bar fassarar," in ji ta. "Jira take a amsa mata. Kai ba ɗan gidan ba ne?"

Kunya ta rufe ni. Matar da ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya ta gane abin da ni na kasa gani. Na ɗaga murya na ce ta zo mu ji ta, yaran suka kwaikwaye ni, Gwaggo ta share ido da gefen mayafi ta fara. Tatsuniya uku ta bayar, har da waƙa, baƙuwa na rubutu kamar hannunta zai tsinke.

Mun iso tashar jirgin ruwa ana shirin janye tsani. A kan murfin motata ta rubuta takardar yabon, watan da ya biyo aka ba ni kujerar.

Na shekara talatin a kanta, na ga tafintoci masu harshe huɗu da biyar, kuma yawancinmu cuta ɗaya ke damunmu: da mun tsaya tsakanin mutum biyu sai mu zama baƙi a wajen namu. Don haka in kun raka baƙo gidan tsoho, kafin ku juya maganarsa ku duba tukuna, wataƙila ku yake jira ku amsa.