Bulon da ke ƙarƙashin firji: godiya ga Barakatu

Shekara ashirin da biyu ke nan Barakatu tana fita daga gidanta a Waziriyya bayan sallar asuba, ta hau motar ma'aikata zuwa Safa. A can akwai wani ofis inda injiniyoyi ke yi wa hukuma binciken hanyoyin ruwa, domin a san inda za a haƙa magudanai kafin ambaliya ta sake yi wa Jidda ɓarna. Aikinta a wurin shi ne shara, goge tebura da dafa shayi. Ta san mai son na'ana'a, ta kuma san wanda likita ya hana sukari amma yana sha a ɓoye. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da mu maƙwabtanta muka shaida.

Shekara biyar da suka wuce, ofishin ya aiko ma'aikata biyu su bi layinmu ƙofa-ƙofa, su tambaya ko ruwa na shiga gidaje. Kowane maigida ya fito ya ce, "Alhamdu lillahi, lafiya lau." Ni ma haka na ce. Ba ƙarya muka nufa ba. Ruwan da ke damunmu ta magudanar banɗaki yake tasowa da ƙazantarsa, kuma babu dattijon da zai faɗa wa baƙo wannan a bakin ƙofa. Aka rubuta cewa layinmu busasshe ne, aka cire shi daga tsarin. Alhali iyalai goma sha ɗaya da ke zaune a hawan ƙasa sun fara neman inda za su koma, har da tsohuwa Ummukulthum da ta shekara arba'in a ɗakinta.

Barakatu ta ji maganar ne tana zuba shayi a wurin taro. Ustaz Mazen, shugaban sashen, ya nuna taswira ya ce, "Wannan layin halas, babu matsala."

Mai shayi ba ta da ta cewa a irin wannan zama, kuma ta san haka. Duk da haka ta ajiye buta.

"Ya ustaz, taswirar nan ta taɓa kwashe ruwa da bokiti?"

Aka yi dariya. Mazen, da ke kiranta khala, wato inna, ya ce, "Ya khala, ai mazanku ne suka ce lafiya lau."

"Mazanmu ko gida na ci da wuta haka za su ce maka. Ka haɗa ni da mace guda, ta zo da abin awo."

Aka haɗa ta da injiniya Layan. Barakatu ba ta kunyata kowa da nuna banɗaki ba, kicin ta riƙa kai ta. A kowane gida firji na kan bulo, domin duk shekarar da ruwa ya ƙaru sai matar gida ta sa a ƙara ɗaya. Na gidan maƙwabciyarmu Sadiyya biyu ne, na gidana uku, na Ummukulthum huɗu.

"'Yata, rubuta da kyau," in ji tsohuwar. "Yanzu sai na hau kujera nake ɗauko madara."

Layan ta durƙusa ta auna, tana tambayar shekarar da aka sa kowane bulo. Matan da suka kwashe ruwan da hannunsu ba su manta ko ɗaya ba. Da wannan awo aka mayar da mu cikin tsarin, aka binne babban bututu mai murfin da ke hana ruwa komowa. An yi ruwa mai ƙarfi a hunturun bara, lokacin da ake ruwa a Jidda, bai taso wa kowa ba.

Barakatu, ke ce kika faɗi abin da mu masu gemu muka kasa faɗi, kuma kika faɗe shi ba tare da kin tona asirin gidan kowa ba. Mai buta, mai gaskiya, mun gode. Allah ya sa hutunki ya zo da lafiya.

Ina kira ga 'yan'uwa a sauran unguwanni: idan masu bincike suka zo, ku yi irin na Barakatu, ku bar wadda ta san cikin gida ta yi bayani.

Ranar Juma'a mata za su yi wa Barakatu walima a ɗakin Ummukulthum, wanda ba ta bari ba. Tsohuwar ta sayi sabon kafet, na farko cikin shekara goma sha biyar, kuma ta rantse babu wadda za ta taka shi kafin Barakatu.