Sunan da Kaka Ta Ƙi Faɗa

A ɗakinmu na unguwar Najma a Doha akwai wani ɗan Jos da muke yi wa kirari da Bature. Gadi yake yi a wani otal a Lusail, ni kuma direba ne. Fari ne sol, ga gashi mai laushi, amma in ya zauna gaban tuwo sai ka rantse bai haɗa jini da kowa ba sai Bakano. Kakansa na wajen uba ɗan Italiya ne, ya zo aikin hanya, ya musulunta, ya auri kakarsa, aka kira shi gida ya bar ta da ciki, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Da korona ta kulle mu a ɗaki, zaman banza ya kai Bature ga wani ofishi a intanet da ke taimaka wa jikokin 'yan Italiya su samu takardar zama 'yan ƙasa. Abin ba wasa ba ne a wurinsa. Ya san kwantiraginsa zai ƙare da an gama Kofin Duniya, kuma ba ya son komawa gida hannu rabbana. Ranar da zai yi magana da lauyar ofishin ta bidiyo, ya ari kwat ya ɗora a kan gajeren wando. Muka yi ta dariya a bayan labule.

Lauyar ta yi masa tambaya ɗaya tak: mene ne cikakken sunan kakan? Bature kuwa bai taɓa jin sunan ba. Duk garinsu Baturen hanya suke ce wa mutumin. Mahaifinsa ya rasu, wadda ta san sunan ita ce kakar kaɗai.

Ya buga mata waya muna ji.

"Kaka, don Allah sunan maigidanki nake so."

"Kai, ɗan nan, Larabawa sun cire maka kunya ne? Ni zan kama sunan mijina da bakina?"

"Kaka, aikina ne zai ƙare fa."

"Allah ya ba ka wani."

Ta kashe wayar. Ni dai na goyi bayan tsohuwa, don uwata ma har ta koma ga Allah ban ji ta ambaci sunan babanmu ba. A gida in mace ta matsu, sai ta ce mai sunan wane. To a duk Jos wa zai zama takwaran wannan bawan Allah?

Sai wani ɗan Kumasi da muke ɗaki ɗaya ya kawo dabara. "Khalas, shi ke nan, abu mai sauƙi. In Italiya ta zo wasa, a zaunar da Kaka gaban talabijin. Da mai sharhi ya kira ɗan wasa mai sunan mijinta, ta ɗaga hannu."

Bature ya yi ta murna, har talabijin ya sa aka saya mata. Sai Italiya ta kasa samun gurbi. Wallahi mun ci shi da tsiya. Duniya kaf ta cika Doha, ƙasar kakansa ce kawai ba ta zo ba. Ko ya makara wajen bas sai mu ce, yalla Bature, gado ne, ku ba ku zuwa.

Ana dab da rufe gasar, saƙon murya ya shigo wayarsa. Kakar ce, ta kwanta ciwo, ta kori kowa daga ɗaki kafin ta yi magana. Ya tura wa lauyar sunan, aka kuwa samo mutumin a wani ƙauye, ya daɗe da rasuwa. Sai dai auren da aka ɗaura da goro a zaure bai shiga takardar kowa ba, kuma mutumin bai taɓa rubuta cewa yana da ɗa ba. Lauyar ta ba shi haƙuri. Kakar ta rasu kafin ya kai ga gaya mata.

Ranar da yake ɗaure kaya ya kunna mana saƙon. Muryar ta yi ƙasa, ta faɗi sunan a hankali, ta sake faɗa, sannan ta yi wata 'yar dariya irin ta budurwa, ta ce, "Ashe har yanzu bakina ya iya."

Tausayi ya kama ni har na kasa kallonsa. Bature ya mayar da wayar aljihun gaba, ya ci gaba da ninke kayan gadinsa.