Littattafan kifin Yaya Sa'adu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka rufe yayana Sa'adu, amma ban taɓa shiga damuwa a kansa irin ta wannan makon ba. Na kasa zama a shagona na kasuwar Muda Lawal. Jiya har na yanka wa wata mata yadin da ba shi ta nuna ba.

Yaya malamin jami'a ne, aikinsa kuma kallon ƙwan kifi. Wani ɗan mitsitsin kifi ne mai ratsi-ratsi, ƙwansa garai-garai kamar ɗigon ruwa. Sai ya sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya zuba ido ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, yana zana kowacce da fensir, yana ba ta lamba, don ya gano wadda za ta zama ido da wadda za ta zama wutsiya. Ni kuwa tsiya nake yi masa, ina cewa kifin da ba ya shiga miya ya cinye masa ƙuruciya. Dariya kawai yake yi.

Bayan rasuwarsa rufin ɗakinsa na unguwar Ƙofar Dumi ya fara yoyo. Innarmu ta duba littattafan zanensa da ke ciki, ta ga da'ira da lambobi, da bisimilla a saman kowane shafi, ta ce, "Rubutu mai sunan Allah ba a barinsa a wulaƙance." Na yi musu abin da muke yi wa tsofaffin takardun karatu: na ƙona su cikin ladabi, na binne tokar. Rashin sani ya fi dare duhu.

'Yarsa Rumaisa ta gaje shi, tana karatu a waje. Ta turo mini bidiyon wata na'ura da ke ratsa ƙwan da haske siriri kamar takarda, kwamfuta na bin kowace ƙwaya da launinta. Na kalla ya fi a ƙirga. Ban sani ba ko Yaya zai yi murna, ko zuciyarsa za ta sosu ganin aikin shekarunsa ya zama na yini guda. Ina jin da sai ya ja kujera ya ce a mayar masa da bidiyon baya, bai yarda da lissafin ba.

Ranar Juma'a za ta iso. "Baffa," in ji ta a waya, "ka fito mini da littattafan Abba, ina so in gwada zanensa da na na'ura." Na ce to, kunya ta hana ni ƙarasawa.

Shafi ɗaya ya tsira, wanda na tsinta daga baya a aljihun rigarsa. Ya kewaye wata ƙwaya da jan biro, ya rubuta a gefe: "Ta ɓace mini a nan. Ina ta tafi?"

Zan gaya wa Rumaisa gaskiya, ko da za ta daina kallona da irin idon da take kallona a da. Sannan in miƙa mata takardar. Amsoshin ubanta na ƙona da hannuna. Tambayarsa ce ta rage, kuma ita kaɗai ce a gidanmu za ta iya ba shi amsa.