Malam Shekari, Wanda Ya Hana Ɗana Ƙara Gishiri

Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 1958, labari ya iske ni a Unguwar Mu'azu cewa Malam Shekari, mai koyar da Turanci a ajin yamma na Kakuri, ya riga mu gidan gaskiya bayan gajeriyar jinya. Shekari, ni Tagwai, abokin aikinka na koyarwa, ni aka ɗora wa rubuta wannan ta'aziyya. Ban san wanda ya zaɓe ni ba, amma bai kyauta mini ba.

Makarantar mishan ɗaya ta yaye mu, littafi ɗaya muka karanta, har na fi ka maki. To, me ka fi ni da shi? Ni dai allo da alli na sani. Kai kuwa ranar da za ka koyar da kalmomin zuzutawa, sai ka kwashi leburori da masu koyon saƙa ka yi kasuwa da su. Mai kifi ya ce nasa ya kai tsawon mutum, ka ce wannan shi ne exaggerate, akwai gaskiya a ciki, gishiri ne ya yi yawa. Boniface makanike ya rantse motar da ya gyara za ta kai Inugu ba ta sha ruwa ba, ka ce wannan boast ne, cika baki. Tsohon soja ya ba da labarin kadan da ya hau ya ƙetare kogi, ka ce tall story ke nan, mai faɗa da mai ji duk sun san wasa ne. Na ce da mutane wannan yawon banza ne. Kafin damina ta wuce, ajina ya koma benci uku.

Alherinka ba ya ɓoyuwa. Ka rubuta wa mutane da yawa takardar neman aiki, ba ka karɓi ko goro ba. Kana faɗa musu kada su kambama kansu, domin Bature in ya kama ƙari ɗaya, sauran maganar ma ta zube. Wanda bai da fitila kuma, taka kake ba shi ya je gida ya yi bita.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Wilson, ɗana na fari. Ni na koya masa baƙi da wasali a kan cinyata, amma da ya girma sai ya tsallake ajina ya tafi naka. Da ya sami aikin akawu, gidanka ya fara kai albishir, ni a bakin maƙwabta na ji. Baba yake ce maka a gabana. Wallahi na yi kishinka, Shekari, kuma ga shi ka mutu bai sake ni ba.

A maƙabarta Wilson ya yi kukan da sai da aka riƙe shi. A hanyar gida na daure na tambaye shi ko haka zai yi mini ranar tawa. Kalma ɗaya nake nema, ko ta ƙarya ce. Sai ya ce, "Baba, zan yi kuka. In na ce kamar wannan, na ƙara gishiri."

Ka koyar da shi da kyau.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Rhoda, da 'ya'yanka, da ɗalibanka na Kakuri. Allah ya ba su haƙurin rashinka. Wilson ma ina yi masa ta'aziyya, tunda shi ne ya yi rashin uba.